Ƙafar Zabuwa a Kan Lemar Zuciya

Ni ba na ƙirga shekara da kalanda. Abin da na sani, a daminar da katangar gidanmu ta gabas ta faɗi ta danne turken awakin maƙwabta, auren autata Hauwa da sojan nan na barikin Shadawanka yana shekara biyu, haƙorina na gaba kuma yana nan daram bai tafi ba, a daminar nan na shiga aikin zuciya. Kafin nan na yi shekara arba'in da ɗoriya ina ɗinkin hula a Ƙofar Ran. In za ku tambaye ni a unguwa ku ce Goggo Asabe mai hula, don in kun ce Asabe kawai, gidan mai ƙosai za a kai ku, ku ci ku tafi ba ku ji komai ba.

Ku 'yan matan yanzu, in kun ga mace zaune a tabarma da allura a hannu sai ku ce hutu take yi. To ku gyara zama.

A Zungur na koya, wurin Inna Kande, yayar mahaifiyata. Shekara guda cur ba ta bar ni na soka allura a hula ba. Aikina warwarar zare, sa zare a allura, da kallo. Ranar da na gama hulata ta fari na miƙa mata ina washe baki, ko kallon fuskar hular ba ta yi ba. Ta juya ta ciki waje, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa, ta ce fuska ta mai saye ce, ciki shi ne na mai ɗinki. Ta sa almakashi ta warware, na sake. Sau huɗu. A na biyar ne ta karɓi allurar ta yi wasu 'yan ɗinki uku a tsakiyar saman hular, duka daga wuri ɗaya suka fito suka baje, da zare launin ƙasan hular, yadda ido ba zai gani ba sai yatsa ya shafa. Ta ce wannan ƙafar zabuwa ce, alamar ɗakinmu tun daga kakarta, kuma hular da ba alama marainiya ce, kowa ya tsince ta sai ya ce shi ya haife ta. Na ga gaskiyar maganar da idona. Wata mata ta taɓa rantsuwa a gaban dillali cewa ita ta ɗinka hulata. Na ce ya shafa tsakiya. Ya shafa. Har yau in mun haɗu a biki hanya take sauyawa.

Tun daga ranar ban taɓa sakin aiki ba tare da ƙafar zabuwa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Cikin masu sayen hulata babu kamar Malam Buba, maƙwabcinmu. Iyayensa makiyaya ne, shi ya zauna a gari yana fataucin shanu. Kowace Sallah hula sabuwa, kuma kafin ya sa sai ya shafa tsakiya da babban yatsa ya ce to, taki ce. Wata safiya yana shan koko, kofi ya suɓuce masa, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama suka ƙi bin umarni. Shanyewar ɓarin jiki. Ya rayu, amma magana sai ɗai-ɗai.

'Yarsa Safiya, wadda na goya a bayan nan nawa, ta yi karatun injiniya har ƙasar waje. Bayan ciwon uban da kamar shekara, sai ga ta a tsakar gidanmu da faranti a rufe. Na zaci tsire ta kawo min. Ta buɗe, sai ga ɗanyar zuciyar saniya.

Na ce, "Safiya, karatun ne ya kai ki ga haka?"

Ta yi dariya ta durƙusa, ta sa yatsa a wani ɗan lungu a saman zuciyar, ɓangaren hagu, kamar aljihun 'yar shara. Ta ce kowa yana da shi, ni ma ina da shi. Zuciyar babanta ba ta bugu daidai, rawa take yi, don haka jini sai ya kwanta a aljihun nan ya daskare, yadda kunu ke yi a ƙasan kwano. Wata rana gudan ya ɓalle, ya bi jijiya ya hau kai, ya toshe hanya. Abin da ya kayar da kofin koko ke nan. Akwai maganin tsinka jini, amma ba kowane jiki ke ɗaukarsa ba, wasu zubar jini yake sa su. Dabarar da ta rage ita ce a rufe bakin aljihun gaba ɗaya. Ta ce a waje ana yin irin abin, amma kafin ya iso nan tsadarsa ta fi ƙarfin mutanenmu, shi ya sa take son ta zana namu.

Sai ta ciro abin daga wata 'yar roba. Lema ce, wallahi lema, faɗinta bai wuce murfin kwalbar lemo ba. Haƙarƙarinta na wata irin waya ce da in ka matse ta ka saki sai ta koma yadda take. Ana naɗe ta a tura cikin bututu mai kaurin bututun biro, a shigar ta jijiyar cinya har zuciya, a can ta buɗe ta toshe bakin aljihu. A fuskarta ana ɗinka wani farin ƙyalle da bai kai ɓawon albasa kauri ba, a kansa nama zai tsiro ya rufe. Wayar ta gama zanawa. Ƙyallen ne ya gagara. Ta nuna min wanda abokan aikinta suka ɗinka, masu digiri. Na juya shi ciki waje kamar yadda aka koya min. Na ce mata ko buhun masara ba zan ba mai wannan hannun ya ɗinke min ba.

Haka na fara hawan keke mai ƙafa uku kowace safiya zuwa ɗakin gwajinta.

Ranar farko na tafi da allurata da zarena a ƙulle a gefen zane, aka ce in ajiye su a bakin ƙofa tare da takalmi. Aka wanke min hannu kamar za a yanka ni, aka sa min safar hannu, aka rufe min baki da hanci. Allurarsu a lanƙwashe take kamar jinjirin wata, tsawonta bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kuma ba da hannu ake riƙe ta ba, da ɗan hantsaki. Zaren ya fi gashin jariri sirantaka. Ana duba aikin ta cikin gilashi mai ƙara girma, inda na ga yatsana ya zama kamar taɓarya. Goro, an hana. Jiƙa zare da miyau, an hana. Shekara arba'in ina kai zare baki kafin in sa a allura, hannu ba ya mantuwa. Sati guda ina tsokanar ƙyallen bakina da zare, Safiya na juya baya tana dariya, wai tari take yi.

Amma ɗinki ɗinki ne. In ka ja zare da yawa ƙyalle ya tattare, lema ba za ta buɗe ba. In ka sassauta, wajen turawa cikin bututu ya zame. Kowane haƙarƙari da irin jan da yake so, kuma babu takardar da za ta gaya maka, yatsa ne ke ji. Cikin wata ɗaya na gano kansa. Ƙulli kuwa, su a waje suke barinsa tsirara. Ni na mai da shi ciki na binne, yadda ake wa hula. Lemata ta shiga bututu ta fita sau goma ba zare ɗaya da ya motsa. Safiya ta ce Goggo, hannunki ya fi injin Turawa. Na ce ai ba yau aka fara faɗa ba.

A tsakiyar lemar akwai wata 'yar cibiya ta ƙarfe, inda ake ɗaura wayar da ke tura ta. Da na gama ta farko, na dubi farin filin nan ba komai a kansa, hannuna da kansa ya yi abin da ya saba. Ɗinki uku a gindin cibiya, fari a kan fari. Ban gaya wa kowa ba, don ban ga abin faɗa ba. Wa ke sanar da mutane cewa ya yi bismilla kafin ya ci tuwo?

Gwajin kuwa ga yadda ake yi. Akwai zuciya ta gilashi da aljihunta, da famfo mai bugawa kamar ƙirjin mutum. Ɗanladi mahauci yana kawo jinin shanu daga mayanka da sassafe, a ɗumama shi daidai zafin jiki, a sa lema a bakin aljihu, a kunna tun hantsi har la'asar. Sannan a ciro ta a ɗauraye a duba. Aljihun ya toshu, ko ɗigo ba ya wucewa, nan kam mun ci. Amma fuskar lema dole ta fito fes, don in jini ya daskare a kanta, an kori ɓarawo ta ƙofa ya dawo ta taga ke nan. Mu kuwa kullum sai an sami ɗan gudan jini kamar ƙwayar dawa, zaune a tsakiya.

Nan muguwar shekara ta fara. Safiya ta ce laifin cibiyar ƙarfe ne. Ta goge ta, guda ya dawo. Ta sake zanawa ta nutsar da ita ciki, aka jira wata biyu kafin a ƙero a kawo, guda ya dawo. Ta sauya ƙyalle. Ta zargi famfo, ta zargi ɗauke wuta, aka sayo janareta. Har ta kai ta tambayi Ɗanladi ko shanun da yake yankawa suna da lafiya. Ya cire hula, wadda ni na ɗinka, ya ce shi dai an zage shi a duniya iri-iri, amma ba a taɓa zagin jinin shanunsa ba sai yau. Kwana uku bai zo ba, sai da na je da kaina na ba shi baki. Ni kuwa ina ta ɗinki, ina ta ba Safiya shawara ta yi haƙuri, har ina cewa wataƙila ƙarfen ne ba na kirki ba.

Lema ɗaya tak ta taɓa fitowa fes a duk watannin nan. Safiya ta sa ta a kwalba ita kaɗai, tana juya ta kullum, tana cewa me ya raba ki da 'yan uwanki? Waya ɗaya, ƙyalle ɗaya, hannu ɗaya.

Ana cikin haka masu ɗaukar nauyin aikin suka aiko. Bayan Babbar Sallah da sati biyu likitocin zuciya za su zo su gani da idonsu. In guda ya fito a gabansu, za a rufe ɗakin, a kwashe kayan a ba wani aikin. Safiya ta rame har zobenta yana zamewa. Ta daina zolayata.

Saura kwana goma sha tara su zo, ta aro wani madubin likita babba mai nuna hoto a allon kwamfuta. Aka ɗauraye lemar ranar a hankali, aka ɗora. Guda ya cika allo, ja wur. Kowa yana kallon cibiya. Ni kuwa siffar gudan nake kallo. Yatsu uku ne, daga wuri ɗaya suka fito suka baje. Jini ya bi zarena ya zana ƙafar zabuwa, ya fi yadda ni nake yi kyau.

Nan take na tuna lemar da ke cikin kwalba. Ranar sunan ɗan Hauwa na ɗinka ta, mai keke yana ta danna oda a waje zai kai ni Shadawanka, na tashi da gaggawa ban sa alama ba.

Kuna tsammanin na buɗe baki? Ban buɗe ba. Na ce kaina ke ciwo, na tafi gida. Kwana biyu ina zuwa aiki ina sunkuyar da kai. Safiya ta ce wai ko ɗaurayewar ce ba a yi daidai, sai na zabura har hantsaki ya faɗi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na yi tunanin in daina sa alamar shiru, lema ta fito fes, a ce sabuwar cibiya ce ta yi aiki, kowa ya huta. Amma sai ta rubuta ƙarya a takardunta ba ta sani ba, gobe wata mai ɗinkin ta ƙara ɗinki ɗaya a wurin, a sa wa mutum a ƙirji.

Rana ta uku da la'asar na kai wa Malam Buba hular Sallarsa. Yana zaune a zaure a kan kujera. Ya karɓa da hannun hagu, ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana lalube da babban yatsa, don hagu ba ta saba ba. Da ya samu, ya ɗaga kai, bakin nan a karkace, ya ce, "Taki... ce." Sannan ya nuna ƙirjinsa, ya nuna hanyar da 'yarsa ke bi zuwa aiki, ya ɗaga gira. Tambaya yake yi yaya aikin.

Na ce, "Malam, gobe zai gyaru."

Da safe na riga kowa zuwa. Na sa Safiya ta ɗauko lemar da ba a gwada ba, ta ɗora a madubin nan, ta matsa gindin cibiya. Na ce ta ƙirga ɗinkin da ta zana a takarda, ta ƙirga na allo.

Ta ƙirga sau biyu. "Akwai uku da ban sani ba."

"Nawa ne. Ƙafar zabuwa ce, irin ta hular babanki. Duka na sa musu, ban da ta cikin kwalba."

Ta dubi allo, ta dubi kwalba, ta dube ni. Sai ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa daɓas, da farar rigarta da komai.

"Goggo, wata bakwai."

"Da kwana tara. Na ƙirga."

"Na sa an gyara cibiya sau biyu. Na zagi shanun Ɗanladi."

"Wannan kam ke kika yi, ba ni ba."

Ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta na rawa, ban san kuka ba ne ko dariya sai da ta ɗago na ga duka biyun ne. Ta ce ita ma da laifinta, ta ga ɗinkin tun tuni ta zaci na riƙe ƙyalle ne, ba ta tambaya ba don kada in ce ta raina hannuna. Na ce da kin tambaya da na faɗa, amma da na yi fushi. Sannan ta yi min bayani: jini ba ya son ya ji komai a hanya. Ko tudun da bai kai ƙwayar gero ba, nan zai tsaya ya tara 'yan uwansa. Ɗinkin kirki a wurin nan shi ne wanda jini zai wuce bai san an yi ɗinki ba.

Na ce, "Wato marainiya kike so in haifa."

Ta ce, "Marainiya, Goggo. Guda shida, kafin Laraba."

Ban taɓa aikin da ya wahalar da ni kamar shidan nan ba. Ba ɗinkin ba, tsayawar. In na zo ƙarshe sai hannu ya nufi tsakiya da kansa, sai na ajiye hantsaki na zauna a kan tafina. Muka gwada biyu mu kaɗai, suka fito fes. Muka sa alamar da gangan a ɗaya, guda ya dawo da yatsunsa uku. Safiya ta ce yanzu ne ta sani, da can zato take yi.

Ranar da likitoci suka zo na sa atamfata ta Sallah a ƙarƙashin farar riga. Ɗanladi ya kawo jini da kansa, ya tsaya a bakin taga ya ƙi tafiya, wai yana jiran a wanke sunan shanunsa. Famfo ya buga tun hantsi har aka kira la'asar. Aka ciro, aka ɗauraye, aka ɗora. Allo ya yi fari fat. Babbansu, wani dattijo mai Hausar 'yan koyo, ya matso da tabarau ya daɗe yana neman bakin zare bai samu ba. Ya tambayi Safiya wane inji ya yi wannan ɗinki, daga wace ƙasa aka kawo.

Ta ce, "Daga Ƙofar Ran. Ga shi nan zaune."

Ya dube ni ya ce, "Mama, kai ne ka yi?"

Karo na farko a rayuwata aka tambaye ni aikina ba ni da abin da zan ce a shafa. Na ce ya ba ni lema da zare ya ja kujera. Ya zauna ya kalla har na gama, sannan ya miƙe tsaye ya gaishe ni da hannu biyu.

Ba a rufe ɗakin ba. An tafi da zanen gaba, inda ake gwaje-gwajen da suka fi ƙarfin zuciyar gilashi, kuma Safiya ta ce hanyar da nisa kafin a yarda a sa wa ɗan Adam. Ni ba zan ce muku lemata tana ƙirjin wani ba, don ban gani ba. Amma a takardar zanen akwai layi da aka ƙara saboda ni, wanda ya hana kowane ɗinki a fuskar lema ban da wanda aka zana. Da ta kawo takardar da sunayen waɗanda suka yi aikin, ta karanta min nawa, ta miƙo tawada in dangwala. Na ce ta riƙe tawadarta. Na kwance gefen zanena, na ciro allurata ta gida, na jiƙa zare da miyau son raina, na yi ɗinki uku a ƙasan sunan. Takarda dai ba jini ke bi ta kanta ba.

Inna Kande ta daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙanta, ba ta ji wannan labari ba, kuma gara haka. Dattijon likitan nan an ce ya rasu bara. Ɗanladi yana nan, ya bar wa 'ya'yansa wuƙa, har gobe in ya ga Safiya sai ya tambaye ta lafiyar cibiya. Safiya tana nan da furfura biyu-uku, ta ce ni na sa mata. Mata huɗu na koya wa ɗinkin lema, duka suna raye, kuma darasin farko da nake ba su shi ne su zauna a kan tafinsu. Malam Buba ma yana nan a zaurensa, ya ƙi tafiya. Sallar da ta wuce na kai masa hula, ya laluba da hagu, yanzu ta saba, nan da nan ya samu.